Gordon Dobson: Mutumin da ma'auninsa ya tona asirin ɓulewar rufin ozon

A watan Mayun 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani rahoto da ya girgiza duniya. Masana uku 'yan Birtaniya, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, sun bayyana cewa iskar ozon, wadda ke kare doron ƙasa daga muguwar ƙunar rana, tana zaizayewa a saman nahiyar Antatika. Hujjarsu ta fito ne daga wata na'ura da aka tsara fasalinta fiye da shekara hamsin kafin nan, wadda mai ƙirarta ya riga ya cika shekara tara a kabari. Sunansa Gordon Miller Bourne Dobson.

An haife shi ranar 25 ga Fabrairun 1889 a Windermere da ke arewacin Ingila, kuma mahaifinsa likita ne. Ya yi makarantar Sedbergh, daga nan ya wuce Jami'ar Cambridge inda ya karanta kimiyya. Tun yana saurayi hannunsa ya faɗa a ƙere-ƙere, har ya haɗa wata 'yar na'ura mai auna hawa da saukar ruwan tafkin garinsu. Wannan aiki ya ja hankalin shugaban hukumar kula da yanayi ta Birtaniya, Napier Shaw, wanda ya ba shi gurbi a cibiyar nazari ta Kew. A 1913 ya zama malamin ilimin yanayi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta soja da ke Upavon, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya yi aikin gwaje-gwajen jirage a Farnborough. A 1920 ya koma koyarwa a Jami'ar Oxford, inda ya ƙare rayuwarsa.

A Oxford ne shi da Farfesa Frederick Lindemann suka yi nazarin taurarin nan masu wutsiya da ke faɗowa da dare suna ƙonewa. Lissafinsu ya nuna cewa a wajen kilomita 50 daga ƙasa akwai wani sashe mai ɗumi, alhali a da an ɗauka sanyi ne zalla. Dobson ya danganta ɗumin da iskar ozon, wadda ke zuƙe wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wato altarabayolet, ko UV a taƙaice. Wannan haske shi ne ke ƙona fata, yana jawo sankarar fata da yanar ido, yana kuma illa ga amfanin gona. Masana biyu na Faransa, Charles Fabry da Henri Buisson, sun riga sun nuna cewa ana iya sanin yawan ozon ta hanyar auna UV da ya iso ƙasa. Dobson ya ƙudurta mayar da wannan awo aikin kowace rana.

A 1924 ya harhaɗa na'urarsa ta farko a ɗakin gwajin da ya gina a gidansa na Boars Hill, kusa da Oxford. Tana rarraba hasken rana ne ta ɗauki hotonsa a kan farantin gilashi. Awon 1925 ya nuna cewa ozon na ƙaruwa da raguwa bisa lokutan shekara, yana kuma sauyawa daga rana zuwa rana tare da sauyin yanayi. Sai ya ƙera ƙarin na'urori ya rarraba su a Turai, ciki har da garin Arosa na Suwizalan, inda awon da aka fara a 1926 ya zama mafi daɗewa a duniya. Daga baya ya aika da su Helwan ta Masar, da Kodaikanal ta Indiya, da Kalifoniya, da Christchurch ta New Zealand. Ta gidan waya ake dawo masa da farantan, dubbai a cikinsu, kuma a Oxford ake wanke su a auna, domin kada bambancin hannu ya ɓata sakamako.

Wannan hanya tana da jinkiri da wahala. Mafita ita ce a maye gurbin farantin hoto da ƙwayar lantarki mai jin haske, wadda za ta ba da amsa nan take. Sai dai ƙwayoyin wancan zamani ba su da tabbas. Ƙarfin jinsu yana sauyawa da zafi da sanyi da tsufa, ta yadda mai awo ba zai iya rarrabewa ba ko sararin sama ne ya canza ko na'urarsa ce ta gaji. A nan ne hikimar Dobson ta fito, a na'urar da ya ƙera a ƙarshen shekarun 1920 ya kuma wallafa bayaninta a 1931.

Haske yana da zango-zango, kamar yadda tashoshin rediyo ke da nasu. Na'urar tana zaɓar zango biyu na UV: ɗaya wajen nanomita 305, wanda ozon ke zuƙewa ƙwarai, ɗayan wajen nanomita 325, wanda yake bari ya wuce kusan gaba ɗaya. Wani faifai mai juyawa yana sakin hasken biyu bi da bi a kan ƙwaya guda. Mai awo kuma yana murza wani tabarau mai duhu daki-daki a gaban haske mai ƙarfin, yana dusashe shi har ya yi daidai da mai raunin, allura ta tsaya a kan sifiri. Gwargwadon murzawar da aka yi shi ne ke faɗin yawan ozon. Tamkar sikeli mai faranti biyu ne: abin da ake nema kawai shi ne ɓangarorin su daidaita. Ko da jin ƙwayar ya ragu da rabi, ragin ya shafi hasken biyu daidai wa daida, amsa ba ta canzawa.

Bai tsaya nan ba. Da yake gilashi yana tare UV, da dutsen kwaz mai garai-garai aka yi madubban ciki, kuma haske yana ratsa matata biyu a jere domin a kori duk wanda ya ɓato hanya. An tanadi jadawalin da ake bi a gyara saitin na'urar gwargwadon zafin jikinta. Akwai fitila mai sinadarin makyuri da ake tabbatar da cewa zangon bai goce ba, da wata fitila mai sanannen haske da ake gwada na'urar da ita a kai a kai, a rubuta sakamakon a littafi. Daga baya aka ƙara dabarar auna tagwayen zango biyu a cire ɗaya daga ɗaya, abin da ke kawar da mafi yawan tasirin ƙura da hazo, irin wanda ke rufe mana rana lokacin hunturu.

A Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗora masa binciken farin layin da jiragen yaƙi ke bari a sama, wanda ke tona asirinsu ga abokan gaba. Shi da Alan Brewer suka samar da ma'aunin laima, wanda ya nuna tsananin bushewar sararin sama na can ƙololuwa. Daga wannan aiki da awon ozon aka fahimci yadda iska ke tashi daga yankuna masu zafi ta gangara zuwa ƙuryoyin duniya biyu, kuma har yau da sunan mutanen biyu ake kiran wannan kewayawa. Bayan yaƙi aka sa wa na'urarsa ƙwaya mai ninka ƙarfin haske, ta zama tana iya awo har da hasken wata.

Babbar jarrabawar ta zo a shekarar binciken duniya ta haɗin gwiwa, 1957 zuwa 1958, lokacin da aka baza na'urori fiye da arba'in, ƙirar kamfanin Beck na Landan, a ƙasashe daban-daban. Dobson ya dage cewa sai an daidaita su da juna, yawancinsu ma sai da suka bi ta gidansa na Shotover, inda ya koma a 1937. Ɗaya daga ciki ta tafi sansanin Halley a Antatika, ta fara aiki a 1956. Alƙaluman farko sun zo ƙasa da abin da ya zata, har ya zargi na'urar. Da shekaru suka maimaita abu guda, sai ya gane cewa ɗabi'ar iskar wurin ce. Waɗannan alƙaluma su suka zama tushen da aka gwada na baya da su.

Ana auna ozon da ma'aunin da ke ɗauke da sunansa. Matsakaicin duniya wajen Dobson 300 ne, wato da za a sauko da ozon duka a shimfiɗa shi a ƙasa, kaurinsa milimita uku ne kacal. Ya zama ɗan ƙungiyar manyan masana ta Royal Society a 1927, ya samu lambar Rumford a 1942, ya zama farfesa a 1945. Bai daina awo ba bayan ritaya. Na ƙarshe ya yi shi ne ana gobe ciwon shanyewar jiki zai kama shi, ya kuma rasu a watan Maris na 1976 yana da shekara 87.

Bayan 'yan shekaru alƙaluman watan Oktoba a Halley suka fara zubewa, har suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Farman ya bi tarbiyyar Dobson, ya fara da tuhumar na'urarsa, aka kai wata sabuwa, ita ma ta faɗi abu guda. Tauraron Amurka mai suna Nimbus 7 ya ga wannan ragi, amma an tsara kwamfutar da ke tace alƙalumansa ta riƙa ware duk wanda ya gaza 180 a matsayin abin shakka. Rahoton Halley ya fito da ƙarfinsa ne saboda yana da tarihin kusan shekara talatin na awo iri ɗaya, da littafin gwaji da ke tabbatar da lafiyar ma'aunin.

Ranar 16 ga Satumban 1987 aka sanya hannu kan yarjejeniyar Montreal ta hana sinadaran CFC, waɗanda a wancan lokaci ake zubawa a firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanayen feshi. Dukkan ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da ita, kuma masana na hasashen rufin ozon na Antatika zai warke wajen 2066. Kimanin na'urori 120 aka ƙera bisa fasalin Dobson, da dama suna aiki har yanzu. Mai lamba 83, wadda ke hannun hukumar yanayi ta Amurka, ita ce uwar ma'auni: a kan kai ta dutsen Mauna Loa a Hawaii a daidaita ta da rana, sannan a gwada sauran da ita. Hatta taurarin zamani da ke leƙen ozon daga sama, da alƙaluman waɗannan tsofaffin akwatuna ake tantance gaskiyarsu.