Alƙali Iyal, Mai Ashafa

Duk wanda ya taɓa zama majalisin karatun Ashafa cikin watan azumi ya san sunan Alƙali Iyal, Allah ya ƙara masa yarda. Sai dai kaɗan ne suka san irin alƙalancin da ya yi.

An haife shi a Sabta, a bakin teku can arewacin Maroko, shekara ta 476 bayan Hijira. A nan ya haddace Alƙur'ani, ya ƙware a fiƙihun Malikiyya. A 507 ya ƙetara Andalus neman ƙari: ya durƙusa gaban Ibn Rushd babba a Ƙurɗuba, ya bi Abu Ali Assadafi har Mursiya don hadisi.

A 515 aka naɗa shi alƙalin garinsu, ya shekara 16 yana yanke shari'a, har ya faɗaɗa masallacin Juma'a. Da aka mayar da shi Garnaɗa a 531, zaman bai yi tsawo ba. Ya taka wa mutanen fadar Tashfin ɗan Ali birki kan zalunci, shi kuwa mai mulki bai cika jure irin wannan ba, sai aka tuɓe shi. A 539 ya koma alƙalancin Sabta.

Lokacin da Muwahhidun suka ƙwace mulki daga Murabiɗun, ya jagoranci mutanen Sabta suka bijire musu. Garin ya faɗi, aka raba shi da gida. Ya rasu a Marrakesh a 544, kuma yana cikin waliyyai bakwai na birnin da ake ziyarta.