Giyom Amonton, kurma mai binciken gogayya

A karkarar Damagaram, yaro yakan rungumi giginya ya hau har sama. Ba reshe, ba tsani. Nauyinsa yana jan shi ƙasa, amma ba ya faɗuwa. Mi ke riƙe da shi? Wani Bafaranshe mai suna Giyom Amonton ya gano amsar.

An haifi Amonton a birnin Pari a shekarar 1663. Mahaifinsa lauya ne. Tun yana saurayi ya kurmance. Bai shiga jami'a ba, amma bai zauna yana kukan zuci ba. Ya duƙufa kan lissafi, da zane, da awon fili. Ya ƙera ma'aunin zafi da ma'aunin laima.

A lokacin, masu ƙera injuna suna da damuwa. In abu biyu suna gugar juna, sai su cije, aiki ya yi nauyi. Wannan cijewar ita ce gogayya. Amonton ya ɗauko katako, da baƙin ƙarfe, da jan ƙarfe, da dalma. Ya shafa masu kitse, ya danne su, ya ja, ya auna. Ya sake, ya kuma sakewa.

A shekarar 1699 ya kai sakamakon gaban majalisar masana ta Faransa. Abu biyu ya gano. Na ɗaya, iyakar dannewa, iyakar gogayya. Na biyu, faɗin wurin da ke gugar bai ƙara kome. Ya kuma ga cewa, a kan abu mai kitse, gogayya wajen kashi ɗaya cikin uku ce ta dannewar. Masana suka yi shakkar magana ta biyu. Ɗaya daga cikinsu ya sake gwajin, sai ya tarar da gaskiyar Amonton.

Ga sirrin mai hawan giginya ke nan. Nauyinsa na ja ƙasa, gogayya na riƙewa sama. In ƙarfin biyu sun yi daidai, sai ya tsaya cak. In ya matse da hannu da ƙafa sosai, gogayya ta ishe shi. In ya sassauta, nauyi ya rinjaya, sai ya zame. Yaro mai kilo 30, in an shafe sanda da kitse, sai matsewarsa duka ta kai ta kilo 90 kafin ya tsaya. Itace mai kaushi ba ya bukatar haka.

Amonton ya rasu a Pari a shekarar 1705, yana da shekara 42. Har yau masu ƙera birkin mota da na keke suna aiki da abin da ya gano.

Tambayoyi

1. Wace lalura ta sami Amonton yana saurayi?
2. Waɗanne ƙarfi biyu ne ke kokawa a jikin mai hawan giginya?
3. Don mi hawan itace ya fi haɗari bayan ruwan sama?