Emil Litre: Likitan da Ya Rubuta Ƙamusun Faransanci

An haifi Emil Litre a birnin Paris ranar 1 ga Fabrairu, 1801. Ilimin likita ya fara nema, har ya yi aiki a asibitocin birnin, amma rasuwar mahaifinsa a 1827 ta ɗora masa nauyin gida, sai ya koma koyar da Latin da Girkanci ba tare da ya karɓi digirinsa ba. Bai rabu da fannin gaba ɗaya ba, domin shi ne ya fassara rubuce-rubucen Hifokirat, tsohon likitan Girka, cikin mujalladi goma, daga 1839 zuwa 1861. Wannan aiki ya koya masa bin diddigin kalma daga ƙarni zuwa ƙarni.

A 1841 ya ƙulla yarjejeniya da abokin karatunsa, mai kamfanin ɗab'i na Hachette, cewa zai rubuta ƙamusun Faransanci. Nufinsa shi ne kowace kalma ta zo da lafazinta, da ma'anoninta a jere, da misalai daga marubuta, da tarihinta tun daga tsohon Faransanci, da kuma asalinta. Tattara misalan kaɗai ya ci shekaru. Lokacin da aka fara bugawa a 1859, Litre yana da shekara 58, kuma akwai fargabar cewa kwana zai ƙare kafin aiki ya ƙare.

Maganin da ya samo shi ne tsara yininsa. Yana tashi ƙarfe takwas na safe. Da tara zai hau ɗakin aikinsa ya gyara shafukan da suka dawo daga maɗaba'a har lokacin abincin rana. Daga ɗaya zuwa uku yana rubuta wa wata mujallar masana maƙala, daga uku zuwa shida kuma sai ƙamus. Bayan abincin dare yana komawa tebur da bakwai, ba ya tashi sai wajen uku na dare, idan ya cika abin da ya ɗibar wa ranar. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, a Paris da kuma ƙaramin gidansa na ƙauyen Menil. Matarsa da ƴarsa suna taya shi duba misalai, tare da wasu ƴan mataimaka.

Akwai wani ɗan lokaci a cikin wannan tsari da ya cancanci a lura da shi. Tsakanin takwas da tara, yayin da ake share ɗakin, Litre kan sauko ƙasa da ƴar takarda a hannu. A cikin waɗannan mintoci na jira ya rubuta gabatarwar ƙamusun, kaɗan-kaɗan. Ya ɗauki darasin ne daga Dageso, wani babban alƙalin Faransa na ƙarni na 18, wanda ake ba da labarin ya rubuta littafi guda a lokutan da yake jiran matarsa ta fito cin abinci. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai yaƙin Faransa da Jamus ya ɓarke a 1870, alhali bugun bai kammala ba. Aka kwashe sauran rubutun hannu cikin akwatuna aka ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kamfanin Hachette, inda ya tsira daga ƙawanyar da aka yi wa Paris da gobarar 1871. A ƙarshen wannan shekara aka zaɓi Litre cikin Akademin Faransa, wadda ta ƙi shi a 1863 saboda adawar wani bishop da ra'ayoyinsa na falsafa.

Ƙamusun ya kammala fitowa a 1872 cikin mujalladi huɗu, daga takardun hannu sama da 400,000, kuma ƙarin bayani ya biyo baya a 1877. A 1880, jiki ya riga ya yi rauni, ya rubuta ɗan littafi yana bayyana yadda ya gudanar da aikin, kuma daga nan aka san tsarin yininsa. Ya rasu a Paris ranar 2 ga Yuni, 1881. Har yau masu nazarin Faransanci ba sa kiran ƙamusun da dogon sunansa, da sunan mai shi suke kiransa.