Amiru Abdulƙadir na Aljeriya: Mayaƙin da Bai Manta da Iyalin Fursuna Ba

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah, malami kuma mayaƙi, watau Amiru Abdulƙadir ɗan Muhyiddin na ƙasar Aljeriya. Mutane da yawa sun san shi da jaruntaka, domin ya shekara 15 yana fafatawa da Faransawa. Amma abin da ya sa muka ɗauko shi yau shi ne yadda ya riƙe fursunonin yaƙi, da yadda ya tuna da iyalansu da ke gida suna jiran labari. Duk wanda nasa ya taɓa zuwa bakin daga ya san yadda rashin labari yake cin rai. Matar da ba ta sani ba ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira, ita ma a ɗaure take, ko da babu mari a ƙafarta.

An haifi Abdulƙadir a shekarar 1808 a wani ƙauye kusa da garin Mu'askar, a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa shehi ne na ɗariƙar Ƙadiriyya. A hannunsa ya fara karatu, ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, ya karanta fiƙihu da hadisi, ya kuma gwanance wajen hawan doki. Bai cika shekara 20 ba ya raka mahaifinsa aikin Hajji, suka biya ta Dimashƙa da Bagadaza, inda suka ziyarci kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani.

A shekarar 1830 Faransawa suka ci birnin Aljas. Da ƙabilun yamma suka ga abin ya zo musu har ƙofar gida, sai suka taru a 1832 suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a, yana da shekara 24. Ya kafa runduna, ya naɗa halifofi da alƙalai, har ya tilasta wa Faransawa yin sulhu da shi sau biyu, a 1834 da kuma 1837. Sulhun bai ɗore ba, yaƙi ya sāke ɓarkewa a 1839, kuma ya fi na dā muni.

A wancan zamani, a ɓangarorin biyu duka, ran wanda aka kama ba shi da wata daraja. Amiru kuwa ya hana a kashe wanda ya faɗo hannu. Ya sanya lada ga duk wanda ya kawo sojan Faransa da rai, ya kuma sanya horo ga wanda ya wulakanta shi. Matan da aka kama ya danƙa su ga mahaifiyarsa, Lalla Zahra, ita take kula da cinsu da suturarsu. Ba a tilasta wa kowa barin addininsa. Wannan kuwa ba sabon abu ya ƙago ba, Shari'a ya bi. Suratul Insan ta ambaci ciyar da kamamme tare da ciyar da miskini da maraya, kuma an san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a kyautata wa waɗanda aka kama a Badar.

Ana cikin haka sai wata Bafaransa ta je wurin babban limamin Kirista na Aljas, mai suna Bishop Dupuch, tana kuka. Mijinta, wani jami'in soja da ake kira Massot, mutanen Amiru sun kama shi, ba ta kuwa san halin da yake ciki ba. Bishop ya rubuta wa Amiru takarda yana roƙon a sake shi. Amsar da ta zo ta ba shi mamaki. Amiru ya nuna masa cewa bai kamata mutumin addini ya roƙi a saki mutum ɗaya kaɗai ba, kamata ya yi ya nemi a saki dukan Kiristocin da ke tsare, sa'an nan ya tuna da Musulmin da ke cikin kurkukun Faransawa, tun da su ma suna da masu kuka dominsu.

Daga wannan takarda aka shiga shawara. A watan Mayu na 1841, kusa da garin Bufarik, Bishop ya sadu da halifan Amiru, Muhammadu bin Allal, aka yi musayar fursunoni. Faransawa fiye da 100 suka koma ga iyalansu, Musulmi kuma, har da mata da yara, suka koma ga nasu. Kukan mace ɗaya ya zama sanadin share hawayen gidaje masu yawa.

Amiru bai tsaya nan ba. Ya yarda a aiko da limamin Kirista ya zauna tare da fursunonin da ke hannunsa, ya yi ibada da su, ya kwantar musu da hankali, ya riƙa rubuta wa iyalansu wasiƙu, domin su san suna da rai, su kuma sami hanyar aiko musu da kuɗi da tufafi da littattafai. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada wasiƙun su ƙunshi labarin sansaninsa ko motsin rundunarsa. Mai karatu ya lura, a nan Amiru ya raba abu biyu da mutane kan haɗa. Asirin yaƙi na mayaƙa ne, amma sanin cewa ɗanka yana raye hakkin uwa ne, ko da uwar abokin gāba ce. A 1842 kuma, da abinci ya yi masa ƙaranci, sai ya sallami fursunonin da ke wurinsa ba fansa, ba musaya.

Ba za mu ɓoye abin baƙin ciki ba. A watan Afrilu na 1846, lokacin da jama'arsa ke gudun hijira a kan iyakar Maroko cikin yunwa, Faransawa kuma sun ƙi musaya, wani halifansa ya sa aka kashe fursunoni fiye da 200. Amiru yana can nesa a fagen fama sa'ad da abin ya faru, amma maƙiyansa sun yi shekaru suna jifansa da shi.

A watan Disamba na 1847 ya ajiye makamai bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas. Faransa ta saɓa alkawari, ta tsare shi da iyalinsa da mabiyansa, daga ƙarshe a wani tsohon gidan sarauta a garin Ambuwaz, inda sanyi da cuta suka kashe 25 daga cikinsu. Yanzu shi ne fursuna. To, alheri danƙo ne. Bishop ɗin nan ya ziyarce shi, ya kuma wallafa ɗan littafi a 1849 yana neman a sake shi. A 1852 Luwi Nafoliyon ya sallame shi. Ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, sa'an nan ya koma Dimashƙa a 1855, ya duƙufa ga karantarwa. Da tarzoma ta tashi a birnin a 1860, ya fita da mutanensa ya tsirar da dubban Kiristoci daga kisa.

Abin da ya nema a 1841 duniya ba ta tsara shi ba sai daga baya. A yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ƙungiyar Red Cross ta buɗe ofis a birnin Bazel na ƙasar Suwizalan domin tattara sunaye da isar da wasiƙu tsakanin sojoji da iyalansu. A 1914 ta buɗe babban ofishin fursunonin yaƙi a Janiba, inda aka cika miliyoyin katuna da sunayen waɗanda ake nema. Yarjejeniyar Janiba ta 1929, da ta 1949 bayanta, suka mai da shi doka cewa duk wanda aka kama yana da ikon aika wa iyalinsa labari.

Amiru Abdulƙadir ya rasu a Dimashƙa ran 26 ga Mayu, 1883, aka binne shi kusa da Shehu Ibn Arabi. A 1966, bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai, aka mai da gawarsa gida. Har yanzu akwai gidajen da aka tafi da nasu, ba gawa, ba labari. Wanda duk Allah ya ba ikon tsare mutum, ya tuna akwai masu jiransa a ƙofar gida. Allah ya jiƙan Amiru, ya gafarta masa, ya sada masu jira da nasu, amin.