Marigayi Paul Robeson, Ɗan Wasan Da Ƙasarsa Ta Rufe Wa Baki

Paul Robeson ɗan bawa ne. Mahaifinsa, William Robeson, ya tsere daga hannun iyayengijinsa a jihar North Carolina ta Amurka cikin 1860, ya nemi ilmi har ya zama limamin coci. An haifi Paul a garin Princeton ran 9 ga Afrilu, 1898. Ya shiga Jami'ar Rutgers a 1915, shi ne baƙar fata na uku da aka taɓa ɗauka a can, daga nan ya zarce Jami'ar Columbia inda ya gama karatun lauya a 1923. Amma aikin lauya bai karɓe shi ba. A ofishin da ya fara aiki, wata sakatariya Baturiya ta ƙi rubuta wasiƙar da yake yi mata shifta saboda launin fatarsa, shi kuwa ya tattara nasa ya nasa ya koma wasan kwaikwayo.

Allah ya hore masa tsawo da kwarjini da murya mai kauri wadda ke cika ɗaki. A 1924 ya fito a wasanni biyu na Eugene O'Neill a New York, a 1928 kuma ya yi wasan Show Boat a Landan, inda ya zauna shekaru da dama. A can ne ya fito a matsayin Othello na Shakespeare a 1930, a lokacin da aka saba Bature ne ke shafa baƙi a fuska ya hau wannan matsayi. A can ne kuma ya saba da ɗaliban Afirka, ya shiga koyon Swahili, ya fara ɗaukar kansa ɗan Afirka.

Wannan ƙaunar ce ta jefa shi cikin kuskuren da ya fi yi masa ciwo. An kawo masa labarin wani fim, Sanders of the River, wanda aka ce a Nijeriya abin ya faru zamanin mulkin Turawa. Zoltan Korda, wanda ya shirya fim ɗin, ya ɗauko hotunan raye-raye da waƙoƙi daga Afirka, Robeson ya gani ya yi murna, yana zaton lokaci ya yi da duniya za ta ga al'adun baƙar fata da mutuncinsu. Ya yarda ya fito a matsayin Bosambo, wani sarki. Har Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, yana cikin 'yan rakiya a fim ɗin. Da aka gama haɗa shi aka nuna a 1935, sai ga Bosambo ya zama yaron Baturen mulki, mai yabon ubangidansa, fim ɗin kuma gaba ɗaya kirari ne ga mulkin mallaka. 'Yan Afirka da ke Landan suka ji haushi, shi kansa ya fito fili ya barranta da shi. Tun daga nan ya riƙa tsananta bincike kafin ya karɓi aiki, har a 1942, bayan fim ɗin Tales of Manhattan, ya daina fitowa a finafinan Hollywood, don ya gaji da yadda suke nuna baƙar fata.

Dandalin wasa ne ya share masa hawaye. Daga 1943 zuwa 1944 ya yi Othello sau 296 a Broadway, abin da wani wasan Shakespeare bai taɓa samu a can ba.

Sai siyasa ta shigo. Robeson yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Council on African Affairs a 1937 don neman 'yancin ƙasashen Afirka, kuma bai ɓoye ƙaunarsa ga Tarayyar Sobiyat ba. A 1949 jaridu suka ruwaito cewa ya faɗa a Paris wai baƙaƙen Amurka ba za su yaƙi Rasha ba. A shekarar nan 'yan iska suka yi wa masu sauraronsa ruwan duwatsu a Peekskill. A 1950 gidan talabijin na NBC ya soke fitowarsa a shirin Eleanor Roosevelt, gwamnati kuma ta ƙwace fasfonsa. An ce ya sa hannu a takarda cewa shi ba ɗan kwaminis ba ne a mayar masa, ya ƙi. Shekara takwas ya yi ba shi da fasfo, a gida kuma an rufe masa ɗakunan taro. A 1957 sai ta wayar tarho ya rera waƙa ga masu haƙar kwal na Wales. Sai dai shi ma yana da nasa tabon: ya karɓi lambar yabo ta Stalin a 1952, bai kuwa taɓa fitowa fili ya soki kisan gillar da aka yi a ƙarƙashin mutumin ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 1958 ya sa aka mayar masa da fasfo, ya sake yin Othello a Stratford ta Ingila a 1959. Amma ƙarfi ya riga ya ƙare. Ciwo ya kwantar da shi a 1961, ya koma Amurka a 1963, matarsa Eslanda ta rasu a 1965. Ya ƙarasa kwanakinsa a gidan 'yar'uwarsa a Philadelphia, ba ya fita taro, har ya rasu ran 23 ga Janairu, 1976, yana da shekara 77.