Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, Wanda Ya Kai Tatsuniya Jami'a

Da yawa daga cikinmu mun karanta Tatsuniyoyi da Wasanni a firamare, amma kaɗan ne suka san mai littafin. Shi ne Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka haifa a Kano a 1944. Littattafan guda 6 ne, sun fito a 1971, shekarar da ya fitar da Daren Sha Biyu, wato fassarar wani wasan Shakespeare na Ingila.

A wancan zamani masu ilmin boko da dama na ɗaukar tatsuniya hirar tsofaffi ce da yara, ba abin da babban mutum zai ɓata lokaci a kai. Shi kuwa a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, wannan hira ya mayar sana'arsa. Kundinsa na digirin dakta, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta amince da shi a 1979, ya bi diddigin yadda adabin baka ke renon yaron Bahaushe har ya zama mutum. Makircin Gizo da wautar Kura darasi ne da kaka ke koyarwa, ko da ba ta san sunansa darasi ba.

Mun kawo tarihinsa ne musamman saboda samarinmu na Wagini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana masu sha'awar bin sawunsa. Ƙofar a buɗe take, amma da sharuɗɗa. Mai neman digiri na biyu a Jami'ar Bayero ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, galibi sai ya nuna digirin farko mai daraja ta biyu, da kiredit 5 na sakandare har da Turanci, da shaidar bautar ƙasa, da cikakken sakamakon da tsohuwar jami'arsa za ta aiko. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mutane wahala, don haka a nema da wuri. Mai neman dakta kuma sai ya ƙara da sakamako mai kyau a digiri na biyu da tsarin binciken da yake son yi.

A nan ne ɗan ƙauye ya fi ɗan birni, domin abin binciken yana tsakar gidansu. Sai dai hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama a wannan yanki, kuma tsohuwar da ta yi gudun hijira ba kasafai take zama yin tatsuniya ba.

A 1988 kamfanin NNPC na Zariya ya buga babban aikinsa, Hausa a Rubuce, tarihin rubutun Hausa tun daga ajami har zuwa boko. Har yau ɗaliban Hausa ba su rabu da shi ba. Allah ya yi masa rasuwa a 1995, shekarunsa ba su wuce 50 da kaɗan ba.