Umar Ɗan Abdul'aziz: Halifan Da Ya Jira Rigarsa Ta Bushe

 

Duk wanda ya yi sallar Azahar a masallatan da ke kewaye da tashar motocin Adjamé ya san yadda wurin alwala yake zama idan an tayar da iƙama: famfo a buɗe, mai shi ya riga ya shiga sahu, ruwa yana bin kwata. Ƙarshen wata takardar SODECI ta zo, kuɗin wutar CIE su ma suna jira, sai liman ya miƙe bayan sallama yana roƙon taimako. Wannan ne ya sa muka ɗauko tarihin wani bawan Allah da ya riƙe daular da ta kama daga Andalus har bakin ƙasar Sind, amma yana lissafin man fitila da itacen dafa ruwa.

An haifi Umar ɗan Abdul'aziz wajajen shekara ta 61 bayan Hijira. Mahaifinsa, Abdul'aziz ɗan Marwan, ya yi kimanin shekara 20 yana gwamnan Masar. Mahaifiyarsa Ummu Asim jikar Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi ce, Allah Ya ƙara masa yarda. A Madina ya yi karatu, a hannun Salihu ɗan Kaisan. Wata rana ya makara sallar jam'i, da malamin ya bincika sai ya tarar ana taje masa gashi ne. Ya rubuta wa mahaifin, mahaifin ya aiko manzo daga Masar, aka aske kan yaron tas.

Askin bai raba shi da son ado ba. Ya auri Faɗimatu 'yar Halifa Abdulmalik, a shekara ta 87 kuma Halifa Walid ya naɗa shi gwamnan Madina, inda ya tara malaman fiƙihu goma ya mai da su majalisar shawararsa. Adali ne tun a lokacin, amma ɗan gata ne. An ce akan kawo masa riga ta ɗaruruwan dirhami, ya shafa ya ce tana da kaushi. Turarensa kuwa, masu tarihi sun ruwaito cewa mutane kan ba mai wanki kuɗi don ya wanke kayansu bayan na Umar, ko sa samu ƙamshin da ya rage a ruwan. Wanda ya taɓa ganin masu fanico suna dukan tufafi a rafin Banco zai gane girman abin: ruwan wankin mutum ya zama abin saye.

A watan Safar na shekara ta 99, wato 717 Miladiyya, Halifa Sulaiman ya rasu a Dabiƙ, bayan ya rubuta sunan Umar a matsayin magajinsa bisa shawarar Raja'u ɗan Haiwa. Aka jero masa dawakan sarauta, ya ce a mayar, ya hau alfadarinsa. Ya mayar da gonakin da danginsa Banu Umayya suka riƙe ba bisa haƙƙi ba, ya fara da na hannunsa. Ya ba matarsa zaɓi tsakanin zama da shi da riƙe kayan adon da mahaifinta ya ba ta. Ta zaɓe shi, aka kai kayan baitulmali. Raja'u ya taɓa ƙiyasta duk abin da ke jikin halifa, riga da wando da rawani da hula da mayafi da huffi, ya samu dirhami 12.

Daga nan wanki ya zama wani labari dabam. An ruwaito ya makara fitowa Juma'a, mutane suka yi ƙorafi, ya ba da uzurin cewa rigarsa aka wanke yana jira ta bushe. A lura, bai fito da datti ba. Ya wanke, ya jira. Masu kiran ƙazanta zuhudu ba su da hujja a nan.

Maganar fitila ita ta fi shahara. Idan yana duba lamurran Musulmi da dare, da kyandir na baitulmali yake aiki. Wani manzo ya zo daga ɗaya daga cikin lardunan, Umar ya yi ta tambayarsa halin talakawa da farashin kaya da yadda gwamna yake tafiyar da mutane. Da aka gama, manzon ya juya ya tambayi lafiyar halifa da ta iyalinsa. Nan take Umar ya hure kyandir ɗin, ya sa aka kawo tasa 'yar fitilar mai dushi-dushi, sannan ya amsa. A wani daren Raja'u yana wurinsa fitila ta fara mutuwa. Raja'u ya nemi ya gyara, Umar ya hana, don ba a sa baƙo aiki. Ya nemi a tashi hadimi, nan ma ya hana, don yaron bai daɗe da kwanciya ba. Shi da kansa ya tashi ya zuba mai.

Ba a gidansa kaɗai abin ya tsaya ba. Gwamnansa na Madina, Abubakar ɗan Muhammad ɗan Amru ɗan Hazm, mutumin da ya umarta da tattara hadisai a rubuce, ya aiko yana neman kason kyandir da na takarda irin wanda aka saba ba gwamnonin baya. Umar ya tuna masa zamanin da yake fita masallaci cikin duhun dare ba fitila, ya ce lagwanin gidansa ya ishe shi. Game da takarda kuma ya umarce shi ya fiƙe alƙalami, ya matse layuka, ya haɗa buƙatu da yawa a shafi ɗaya. Sakatarorin ƙungiyoyinmu da ke buga sanarwar layi uku a shafi guda, a yi haƙuri.

Sai ruwan zafi. Ƙasar Sham tana da sanyi mai tsanani, hadiminsa kan kawo masa ruwan ɗumi na alwala. Wata rana ya tambayi inda ake ɗumama shi, aka ce a madafar da ake dafa wa jama'a abinci. A idonmu wannan ba komai ba ne, tunda wutar tana ci ko da butarsa ko babu. Shi bai ga haka ba. Ya sa aka ƙiyasta kwanakin da aka yi ana haka da itacen da zai ci, aka sayi itace da kuɗinsa aka kai madafar. Mu da muke cajin waya a soket ɗin masallaci, muna barin fanka tana juyawa daga Asuba zuwa Azahar babu kowa a ciki, muna ɗibar ruwan alwala mu wanke babur, lissafin nan namu ne kafin na shugabanni. Ga shi kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan yi alwala da mudu ɗaya, wanka kuma da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne, bai kai rabin butar da muke ɗauka ba.

Kada wani ya ɗauka rowa ce. Mutumin da 'ya'yansa mata suka taɓa rufe bakinsu da ya shigo, don abincin darensu adas ne da albasa, shi ne ya yalwata albashin gwamnoninsa don kada su kai hannu ga dukiyar jama'a. Shi ya sa aka gina masaukan matafiya a hanyar Khurasan, ana ciyar da baƙo da dabbarsa. Ya ɗauke jiziya daga waɗanda suka musulunta, ko da yake hakan ya rage kuɗin shiga. Ya janyo rundunar Maslama ɗan Abdulmalik daga Ƙusɗanɗiniyya bayan yunwa ta galabaitar da ita, ya kuma hana zagin Sayyidina Ali a kan mumbari. Tsantseninsa a kansa yake da iyalinsa. A ƙasar Hausa ma ana ba da labarin fitila biyu game da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837: ɗaya ta aikin jama'a, ɗaya ta karatun kansa.

Shekara biyu da wata biyar ya yi a kan mulki. Da ciwon ajali ya kama shi, wanda da yawa daga masu tarihi suka ce guba aka sa masa, Maslama ya zo dubiya ya ga rigar jikinsa ta yi datti. Ya ce wa 'yar'uwarsa Faɗimatu a sauya masa, mutane za su shigo. Ya dawo ya tarar da ita yadda take, ya yi mata faɗa, ta rantse masa cewa ba shi da wata. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101, wato 720, a Dairu Sim'an, yana da kimanin shekara 40, aka binne shi a filin da ya saya da kuɗinsa. Allah Ya yi masa rahama.

Da Yazidu ɗan Abdulmalik ya hau mulki, ya nemi mayar wa Faɗimatu kayan adonta daga baitulmali. Ta ƙi karɓa, ta ce abin da ta bari da daɗin rai yana raye ba za ta koma masa ba bayan mutuwarsa.